Mun Sha Ruwa, Inna

Shekaranjiya aka yi ruwan farko na bana a Sakkwato, ruwa na sosai, ba yayyafin nan da ke tayar da ƙamshin ƙasa ya gudu ba. Da safe ina kwashe ruwan da ya kwanta a tsakar gidana a Tudun Wada, sai maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Luba, jiya dai mun sha ruwa!" Na amsa mata, amma na daɗe tsaye da tsintsiya a hannu. Wannan 'yar maganar ce ta riƙe ni tsawon wani azumi, shekara goma da ɗoriya da suka wuce, a wata ƙasa da ban ƙara komawa ba.

Ina aji uku a jami'a lokacin, ina karatun kimiyyar ƙasa da ruwa. Aka zaɓi mu biyu daga Najeriya mu je wani kwas na mako shida a Sikotland, ni da wata Bakanuwa mai suna Zainab, wadda sai a filin jirgi muka fara haɗuwa. Da na kai labari gida a Ƙofar Taramniya, yayata Saratu ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai a bar rijiya a tsakar gida a tafi ƙasar Turawa koyon ruwa. Ita a lokacin ta dawo gida wankan haihuwarta ta biyu, ba ta da aikin da ya wuce shan kunun kanwa da sa wa mutane ido.

Baba mai sayar da yadi ne a kasuwa, ba ya yanke magana sai ya tambaya. Ya lissafa ya ga azumi gaba ɗaya a can zai same ni, ya je wajen malaminsa, ya dawo da amsa a taƙaice. Mako shida zama ne, ba tafiya ba, don haka babu ajiye azumi. Kuma ranar garin da nake ciki zan bi, ba agogon Sakkwato ba. Na ce to. Ban tambayi yadda ranar garin take ba, shi ma bai tambaya ba.

Inna kuwa sai ta shiga haɗa kaya. Garin kunu, tsamiya, kuka, daddawa, yaji, dabino, duk ta ƙulla a leda bibbiyu. Inna tana da ciwon suga, tana shan magani bayan ta ci abinci, kuma duk da haka ba ta taɓa yarda a yi mata zancen barin azumi ba. Tana da wata ɗabi'a da muka taso muka tarar. In an kira magariba, za ta ci dabino ɗaya ta kurɓi ruwa, saboda sunna ce a gaggauta. Daga nan ba ta ƙara kai komai baki sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da suna: wane, ka sha ruwa? Wance, kin sha ruwa? Wanda ba ya gida a neme shi a waya. Sai lissafi ya cika sannan ta ce a miƙo mata kunu. Mun ɗauke shi abin tsokana ne kawai, don bai taɓa wuce minti biyar ba.

Mun sauka saura mako ɗaya a ɗauki azumi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne agogo: ƙarfe nawa a can, ƙarfe nawa a gida, babu bambanci ko na minti ɗaya. Na yi murna, na ce abin ya zo da sauƙi. Ashe agogon ne kawai ɗaya. Ƙarfe bakwai na yamma ta yi, gari fes kamar la'asar. Takwas ta yi, tara ta yi, yara suna ta wasa a waje. Sai wajen goma rana ta ga dama ta faɗi, kuma ko da ta faɗi ba wani duhun kirki ake yi ba. Kafin uku alfijir ya keto. Zainab ta dube ni ta ce, "Ke Basakkwata, kin lissafa kuwa?" Na ce mata na lissafa, ta ƙyale ni.

Azumin can ba irin namu ba ne. Namu na Sakkwato a wannan lokacin na shekara ƙishirwa ce, leɓe ya bushe, mutum ya jiƙa zane ya kwanta a siminti yana sauraron ko za a kawo wuta, yamma ta yi a shiga neman ƙanƙara. A can ban ji ƙishirwa ba ko sau ɗaya. Yunwa ce, da sanyi, da tsawo. Yunwar takan zo da azahar ta tafi, ta dawo ƙarfe shida, ta sake tafiya, sannan ta dawo ƙarfe tara da 'yan uwanta. Yatsuna sukan yi sanyi har in kasa riƙe biro. Ga ruwan sama kullum, siriri, ba tsawa ba iska, sai ka rantse ba zai jiƙa ka ba, kafin ka ankara har ɗankwali ya ɗiga.

Aikinmu kuma duk a ruwa yake. Da safe lacca, da rana a kwashe mu a bas zuwa rafuka, mu sa dogayen takalman roba mu shiga, muna ɗibar ruwa a 'yan kwalabe muna rubuta lamba. Ruwa garai-garai, kana ganin duwatsun ƙasa. Malamarmu, wata dattijuwa mai farin gashi, ta tambaye mu ya fi sau biyar wai ko ruwa ba ma sha? Mu ce ko ruwa. Sai ta girgiza kai ta karɓi akwatin kwalaben daga hannuna ta ɗauka da kanta.

Ranar ɗaya ga azumi, ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, wayata ta yi ƙara. Lambar Yaya Saratu ce, amma muryar Inna.

"Luba, kin sha ruwa?"

Na yi dariya. "Inna, ina hwa! Rana tana nan bisa. Mu sai goma."

"Goma na mi?"

"Na dare, Inna."

Ta ce, "To, Allah shi ba da lada." Na ajiye waya ina jin daɗi an tuna da ni. Wallahi ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Washegari haka, wanshekare haka.

Rana ta huɗu da hantsi Yaya Saratu ta kira ni, ko gaisuwa babu.

"Ke, kin san abin da kika jawo muna? Inna ba ta cin komi sai goma. Dabino guda da kurɓin ruwa, shi ke nan, sai ta zauna tana kallon agogo. Maganin ma sai goma. Jiya jiri ya ɗebe ta tana asham, da ƙyar munka tashe ta."

Na ce a ba ni Baba. Ta ce Baba ya yi magana har ya gaji, Inna ta ce masa to, an kawo kwano ta kai loma ɗaya ta ajiye. Ba gardama take yi ba, cewa ta yi abincin ba ya wucewa. Ta yaya zai wuce, ɗiyarta tana can da baki a bushe?

"To mi zan yi, Yaya?"

"Ko ki sha ruwa tare da mu, ko ki yi mata ƙarya. Zaɓi guda."

Na ji haushin Yaya, na ji haushin Inna, na ji haushin ranar da ta ƙi faɗuwa. In sha ruwa rana tana sama, na zubar da azumi ke nan da gangan. In yi ƙarya, da azumi a bakina, kuma ga uwata, kullum har kwana ashirin da shida? Ni ko ba azumi ban iya yi wa Inna ƙarya ba, muryata rawa take yi, tun ina ƙarama da haka take kama ni. A ɗaya gefen kuma ga mace mai ciwon suga, a zafin Sakkwato, tana ƙara awa uku a kan azuminta saboda ni. A ranar, da Inna ta kira, ban ɗauka ba. Na zauna ina kallon wayar tana ƙara har ta gaji. Yaya ta turo min saƙo daga baya: ba ta ci ba.

Rana ta biyar aka kai mu wani rafi mai nisa, kuma ranar ruwan bai yi mana da wasa ba. Tun azahar yake zuba har muka dawo. Na shigo ɗaki jagab, safa ta jiƙe, haƙorana suna haɗuwa, ina kokawa da takalmi, sai waya. Na ɗauka ba tare da na duba agogo ba.

"Luba, kin sha ruwa?"

"Wallahi Inna yau mun sha ruwa," na ce, kamar zan yi kuka. Ƙorafi nake yi, ruwan sama nake nufi, Allah shi ne shaida.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. Sai na ji ta ɗaga murya: "Saratu, miƙo min kunu."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Na buɗe baki in gyara, na ji ƙarar ludayi a kwano, na rufe bakina.

Da na kira Yaya daga baya, ta ce ai ita ta riga ta share min hanya. Ta gaya wa Inna wai malaman can sun ba mu fatawa mu bi agogon gida. Na ce, "Yaya, ƙarya hwa kinka yi!" Ta ce, "Yo ni azumi nika? Jego nika. Tawa ba ta cin ladan kowa."

Daga ranar na zama manomiya. Da na tashi, taga nake fara dubawa. In na ga gari ya haɗe, hankalina ya kwanta. Na kafa wa kaina doka: ba zan faɗi maganar ba sai ruwan ya taɓa jikina a ranar. In muna rafi, shi ke nan, an gama. In ranar ɗakin gwaje-gwaje ce, sai in fita bakin ƙofa in tsaya ba lema har hijabina ya yi danshi. Turawa suna wucewa suna kallona, oho. Zainab kuwa ta samu abin yi. "Wannan fa ƙarya ce ta yi alwala," in ji ta. Na ce ta nuna min kalma ɗaya da ba gaskiya ba a ciki. Ta ce ita ba ta musu da Sakkwatawa, kowannenku da ɗan malami a aljihu.

Haka kwanakin suka jeru. Bakwai da 'yan mintuna Inna ta kira, in ce mun sha, Inna, ta ce alhamdu lillahi, in ji ta nemi kunu. Ni kuma in koma jiran awa uku. Waɗannan awa ukun su ne azumin gaske. Karatu ba ya shiga, barci ba ya zuwa. Ƙarfe takwas da rabi mu sauka kicin ɗin da muke tarayya da sauran ɗalibai. Ni ke dama kunun tsamiya, Zainab ke girki. Akwai ranar da muka ce sai mun ci ƙosai, muka sayo wake na gwangwani, ba mu san dafaffe ba ne. Ya narke a mai ya zama wani abu da ba shi da suna, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɗauka, aka fito da mutanen bene huɗu waje cikin yayyafi. Ba mu ƙara ba. Muka tsaya a kan shinkafa da miyar kuka, da burodi, da ƙwai. In goma ta yi mu sha kunu, mu yi magariba, kafin abincin ya gama kwanciya a ciki lokacin sahur ya yi. Sau da yawa ci ɗaya muke yi mu haɗa duka biyun.

Yaya tana ba ni rahoto: Inna tana ci, tana shan magani a kan lokaci, jirin ya tafi. A gida kuma damina ta yi jinkiri, ana ta roƙon ruwa. Ni ina nan ina da shi har ya yi min yawa. Amma kada in yi ƙarya a nan ma, raina bai taɓa kwanciya ba. Na san abin da nake nufi, na kuma san abin da nake so ta fahimta, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Ana cikin goman ƙarshe, wata safiya na buɗe labule na ga sama wasai, shuɗiya, ko ɗigon gajimare babu. Mutanen garin kamar an yi musu bushara. Kafin azahar duk sun baje a kan ciyawa, wasu ba riga, suna shanya jiki. Malamarmu ta shigo tana murmushi, ta ce an ce haka za a yi har mako guda. Kowa ya yi tafi. Ni kaɗai na ji kamar an yi min mutuwa.

Na yini ina ɗaga kai sama. Ƙarfe biyar babu, shida babu. Zainab, da ta ga da gaske hankalina ya tashi, ta daina dariya. Ta ce in sauka ƙasa in tsaya saitin taga, ita za ta sheƙo min bokiti daga bene, ai shi ma daga sama ya zo. Na kusa yarda, wallahi na kusa. Sai na ga in na kai nan, to gara in yi ƙaryar kai tsaye in huta. Na zauna a bakin gado da waya a cinya. Na shirya zan ce mun sha, sau ɗaya dai, Allah ya yafe min. Har na gwada faɗa a bakina sau biyu.

Waya ta yi ƙara.

"Luba, kun sha ruwa?"

Na buɗe baki, abin da ya fito daban. "Inna... yau ba a yi ruwa ba."

Ina jin gidanmu gaba ɗaya ta cikin wayar: ƙarshen kiran salla daga masallacin unguwa, jaririn Yaya yana ƙananan kuka, wani yana jan bokiti a bakin rijiya. Na ce shi ke nan, na kashe ta. Yau ba za ta ci ba, gobe ba za ta ci ba, kuma ta san ɗiyarta ta yi mako biyu tana yi mata wayo.

Sai na ji ta yi 'yar dariya ta hanci.

"To, Allah shi kawo shi," in ji ta. "Mu ma nan shi muka jira."

"Inna, ki gahwarce ni, ni..."

"Ke Luba, tun yaushe nika ce miki kun? Ba ki lura ba?"

Ban lura ba. Sai a lokacin na tuna: tun wajen kwana na bakwai ta daina cewa kin sha ruwa. Kun take cewa.

"Ni na haihe ki," ta ce. "Tun kina rarrahe, in abin ci na, na ci kika cewa, na sha, nawa na. Ba ki taɓa cewa mun ba. Ran da na ji mun, na san ba kunu kika nuhi ba. Hwatawar Saratu kuwa, ko ɗanta na goye bai yarda da ita."

Ina kuka ina dariya. Na ce, "To mi ya sa kinka ci?"

"Na ga kin tahi har bakin ƙarya kin tsaya, saboda ni. In na ƙi ci, ni zan tura ki ciki, da azumi ga bakinki. Sai na tilasta ma makogwaro. Ran farko da ƙyar ya wuce. Yanzu ya koya." Sannan ta ce, "In ranar taku ta hwaɗi, ki yi min filashin. Saratu, miƙo min kunu."

Na saurara har sai da na ji ƙarar ludayi, sannan na kashe wayar.

Sauran kwanakin rana ta yi ta haskawa, ban ƙara damuwa da ita ba. Inna ba ta sake tambayata ba, sai dai ta kira mu gaisa, ta tambayi aikin kwalabe. Goma ta yi in yi mata filashin in ajiye. Sai bayan na dawo Yaya ta gaya min cewa Inna tana cin abincinta tsaf, ta sha magani, amma kullum sai ta ware dabino ɗaya a ɗan faranti ta ajiye kusa da waya. Ba ta cin sa sai wayar ta yi ƙara.

Mun yi sallar idi a can, a wani ɗakin taro da aka shimfiɗa wa darduma, ni da Zainab da atamfofinmu a ƙarƙashin rigunan sanyi. Bayan mako guda aka ba mu takardar shaida muka kamo hanya. Takardar tana nan cikin akwati. Abin da aka koya mana a kan ruwa, wani na riƙe ina aiki da shi har yau, wani ya bi iska. Yanzu azumi ya matso baya, ya bar damina, kuma ɗaliban da ke tafiya suna iya juya waya su nuna wa iyayensu rana ƙuru-ƙuru. Inna kuma shekara uku ke nan da rasuwa, Allah ya jiƙanta. A gidana ni ke bin yara da suna in an kira magariba, kuma suna yi min irin tsokanar da muka yi mata.

Ranar da na dawo, da la'asar na iso Ƙofar Taramniya. An yi ruwa da safe, lungunmu duk caɓi, na ɗage zane ina tsallake kwata, direba yana biye da akwati. Gida ya cika, Yaya tana guɗa, kowa yana ja na. Inna ba ta taso ba. Tana zaune a kan tabarmarta a ƙofar ɗaki, ta rame kaɗan. Na durƙusa zan gaishe ta, ta ɗaga min hannu. Ta miƙe da kanta ta je randa, ta ɗebo ruwa a kofin silba, ta kawo ta sa min a hannu.

"Ungo. Wanga karon in gani da idona."

Na kafa kai na shanye, ruwan randa mai sanyi da ƙamshin ƙasa. Tana tsaye a kaina har na sauke kofin.

"Luba, kin sha ruwa?"

Na ce, "Na sha, Inna."